Mutuncin Ɗan Adam: Kyautar Allah Ce ko Yarjejeniyar Mutane?

Kusan kowa a yau ya yarda, ko da a fatar baki ne, cewa kowane mutum yana da mutuncin da bai halatta a keta ba. Wajen kawo dalili ne ake raba hanya. Kirista ya ce Allah ne ya ba mutum wannan daraja. Mai aƙidar ɗan'adamtaka ya ce ba sai an ɗaga kai sama ba kafin a san darajar mutum. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan saɓani.

Mece ce aƙidar ɗan'adamtaka marar addini? Ko dai mulhidanci ne aka sauya wa riga?

Suna da kusanci, amma kowanne da inda ya tsaya. Mulhidi magana ɗaya ya yi, cewa bai yarda akwai Allah ba. Daga nan ko ya zama mai tausayi ko ya zama azzalumi, mulhidancinsa bai ce masa uffan ba. Aƙidar ɗan'adamtaka tana ƙoƙarin amsa tambayar da ke biye ne: to, in babu wahayi, da me za a yi rayuwa? Amsarta ita ce hankali, binciken kimiyya, tausayi, da 'yancin kowa ya tsara rayuwarsa muddin bai cuci wani ba.

A matsayin ƙungiya ba ta daɗe ba. A 1933 aka fitar da bayanin manufofinta na farko a Amurka, mutum 34 suka sa hannu, da yawansu ma limaman cocin Unitarian ne, kuma sun ɗauki abin a matsayin sabon addini marar Ubangiji. A 1952 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Amsterdam, masanin halittu Julian Huxley ya shugabanci taron. Bayani na biyu, na 1973, wanda Paul Kurtz da Edwin Wilson suka rubuta, shi ya fito fili ya ce babu wani abin bauta da zai cece mu, mu ne za mu ceci kanmu.

Wane mutunci ake magana a kai? Ai akwai waɗanda suka zubar da nasu da hannunsu.

Akwai girman da mutum yake samu ta hanyar hali, shekaru, ilimi ko muƙami. Wannan ana samunsa, ana rasa shi, kuma shi duniya ta fi sani tun fil azal. A tsohuwar daular Rum daraja ta sanata ce da janar, bawa kuwa a doka kaya ne. Wanda ake jayayya a kansa daban yake: darajar da aka ce tana tare da mutum tun ranar da ya faɗo duniya, bai yi aikin komai ya same ta ba, kuma babu laifin da zai raba shi da ita. Saboda ita ake cewa ko wanda ya yi kisan kai ba a azabtar da shi a tsare. Masanin falsafar Jamus Immanuel Kant ya bayyana ta a 1785 da cewa duk abin da ke da farashi ana iya musanya shi da makamancinsa, abin da ya fi ƙarfin farashi kuwa, wanda ba shi da madadi, shi ke da mutunci.

A kan me Kiristanci ya ɗora wannan daraja?

Tushen yana babin farko na Littafin Farawa, aya ta 27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace. A Masar da Mesofotamiya na wancan zamani, sarki ne ake kira siffar allahntaka a doron ƙasa. Farawa ta ɗauki kirarin sarki ta raba wa kowa. A babi na 9 kuma ta kafa hujjar haramcin zubar da jini da wannan dalili ɗaya.

Kiristanci ya ƙara abu biyu. Kiristoci sun yi imani cewa Allah ya zama mutum cikin Yesu Almasihu, kuma ya mutu a kan gicciye, hukuncin da Romawa suka keɓe wa bayi da 'yan tawaye. Sannan a Matiyu 25 Yesu ya ce abin da aka yi wa mayunwaci, baƙo, majinyaci da ɗan kurkuku, shi aka yi wa. Manzo Bulus ya rubuta wa Galatiyawa cewa cikin Almasihu babu Bayahude ko Bahelene, babu bawa ko ɗa, babu namiji ko mace.

Sai an dubi duniyar da wannan magana ta faɗa ciki ake gane nauyinta. An tono wata wasiƙa a Masar wadda wani ma'aikaci, Hilarion, ya aika wa matarsa Alis daga Iskandariya a shekara ta 1 kafin miladiyya. Wasiƙar miji mai kula ce. Ya ce kada ta damu, da an biya shi zai aiko mata da kuɗi, har yana tambayarta ta yaya zai manta da ita. A tsakiyar wannan soyayya ya ce in ta haihu, namiji ne ta bar shi, mace ce ta jefar. Hilarion ba ya ɓoye komai, domin a wurinsa babu abin kunya a ciki. Yahudawa da Kiristoci ne suka yi tsayin daka a kan ƙin wannan ɗabi'a, kuma a 374, bayan daular ta karkata ga Kiristanci, doka ta mai da kisan jariri laifin da hukuncinsa kisa ne.

A cikin ƙarnin nan na huɗu ne Gregory, bishop na Nyssa a ƙasar da yau take Turkiyya, ya hau mumbari ya tuhumi masu bayi. Ya tambayi mai bawa nawa ya biya ya sayi siffar Allah, kuma wa ya ba shi ikon sayar da wanda Allah da kansa ya yi shi ɗa. Yana cikin na farko a tarihi da suka la'anci bauta ita kanta, ba muguntar wasu iyayengiji kawai ba. Sai dai coci ba ta bi shi ba, za mu zo kan wannan.

Kafin Kiristanci, ko a wajensa, babu wanda ya san darajar mutum ke nan?

Akwai. Masana falsafar Stowa na Girka da Rum sun koyar da cewa duk mutane sun yi tarayya a hankali ɗaya. Cicero ya rubuta a 44 kafin miladiyya cewa hankali ya fifita ɗan Adam a kan dabba. Seneca ya tuna wa abokinsa cewa bawansa iska ɗaya suke shaƙa, mutuwa ɗaya ke jiransu, ko da yake shi kansa bai 'yanta bayinsa saboda haka ba. A ƙasar Sin, Mencius ya ce duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya gabansa zai faɗi, ba don yana neman yabo ko ya san iyayen yaron ba. Malaman Yahudawa sun ce an halicci Adamu shi kaɗai ne don kada wani ya ce wa wani ubana ya fi naka. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i aya ta 70, ya ce Allah ya karrama 'ya'yan Adam, a Suratul Ma'ida kuma ya daidaita kashe rai ɗaya ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane duka.

Don haka Kiristan da ya ce shi kaɗai ya gano mutuncin ɗan Adam ya wuce gona da iri. Abin da tarihi zai ba shi shi ne cewa a Turai, inda aka fara zuba wannan tunani cikin kundin dokokin zamani, ta hannun Kiristanci ya bi.

Idan haka koyarwar take, ta yaya Kiristoci suka yi cinikin bayi da mulkin mallaka?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa mai daɗi. A 1452 Fafaroma Nicholas na Biyar ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kiristoci ba. Masu gonakin auduga a kudancin Amurka sun riƙa kafa hujja da la'anar da Nuhu ya yi a Farawa 9 da umarnin Afisawa 6:5 cewa bayi su yi biyayya. A kan batun bauta ne 'yan Baptist na kudancin Amurka suka ɓalle a 1845, sai a 1995 suka nemi gafara. Babbar cocin Turawan Afirka ta Kudu ta yi wa wariyar launin fata rumfa da ayoyi. A Ruwanda a 1994, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, an yi wa dubban mutane yankan rago a cikin majami'un da suka gudu suka fake.

Abin da mai kare Kiristanci zai ce, kuma da gaskiyarsa, shi ne daga cikin gidan ne tawaye ya riƙa tasowa. A watan Disamba na 1511, a tsibirin Hispaniola da ke yankin Karebiyan, wani limami mai suna Antonio de Montesinos ya tsaya gaban manyan Sifaniyawa ya tambaye su game da 'yan asalin tsibirin da suke bautarwa: waɗannan ba mutane ba ne? Ba su da rai mai hankali? A muhawarar da aka yi a birnin Valladolid na Sifaniya a 1550, limami Bartolomé de las Casas ya kare 'yan asalin nahiyar Amurka, abokin hamayyarsa Sepúlveda kuwa ya jingina da maganar Aristotle cewa wasu bayi ne tun daga halitta. (Shi kansa Las Casas da farko ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbinsu, daga baya ya yi nadama. Wannan ba a cika faɗa ba.) 'Yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista, da ɗan majalisa William Wilberforce ne suka ja ragamar da ta kai Birtaniya ga haramta cinikin bayi a 1807 da bautar kanta a 1833. Martin Luther King da Desmond Tutu daga mumbari suka fito.

Littafi ɗaya ne a hannun mai bulala da na mai neman a kwance sarƙa. Wanda ya karanta tarihin da gaskiya zai ga cewa koyarwar siffar Allah ta riƙa ba masu adawa da zalunci makami mai kaifi, amma ba ta taɓa hana zaluncin da kanta ba. Wani lokacin ma daga waje aka tura coci. A 1864 Fafaroma Pius na Tara ya lissafa 'yancin zaɓen addini cikin kurakuran zamani, sai a 1965 cocin Katolika ta amince da shi, ta kuma kafa hujja da mutuncin ɗan Adam.

To in ta hannun Kiristanci abin ya zo, ba shi ke nan marasa addini suna cin bashin da ba su yarda da shi ba?

Tambayoyi biyu ne aka cuɗa a nan. Daga ina tunanin ya fito, wannan tarihi ne. Me ke riƙe da shi, wannan falsafa ce. Mai aƙidar ɗan'adamtaka zai ce addini tsani ne, an hau an kai, ko an janye shi wanda ke sama ba zai faɗo ba. Kirista zai ce ginshiƙi ne, ranar da aka zare shi rufin ba zai rufta nan take ba, amma ya fara tsagewa.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa goyon bayan Kirista a nan babban maƙiyin Kiristanci ne. Masanin falsafar Jamus Friedrich Nietzsche ya yi wa marasa addinin Ingila na zamaninsa dariya, ya ce sun kori Allahn Kirista amma sun rungume ɗabi'un Kirista, alhali wanda ya bar imanin ya rasa haƙƙin riƙe ɗabi'ar. Shi so yake a zubar da duka biyun. Wani masanin falsafar Jamus, Jürgen Habermas kuwa, wanda ba mai addini ba ne, ya yarda cewa tunanin daidaiton mutane gado ne daga adalcin Yahudanci da ƙaunar Kiristanci. A watan Janairun 2004 ya zauna da Kadinal Joseph Ratzinger a Munich, kafin ya zama Fafaroma Benedict na Sha Shida. Matsayin Habermas shi ne ana iya juya gaskiyar da addini ya adana zuwa harshen da kowa zai karɓa, kuma bai kamata marasa addini su ɗauka sun gama kwashe abin da ke ciki ba.

A kan me marasa addini suke kafa daidaiton mutane?

Hanyoyi sun kai uku. Wasu sun bi Kant, suka ce hankali da ikon zaɓi su ne tushe. Wasu suka ce jin zafi da jin daɗi. Wasu suka ce yarjejeniya ce: dokokin da kowa zai amince da su in bai san matsayin da zai tsinci kansa ba, kamar yadda John Rawls ya tsara a 1971.

Ga inda gizo ke saƙa. Duk wata baiwa da aka ambata, mutane ba su yi daidai a cikinta ba. Hankali wani ya fi wani. Jaririn kwana ɗaya ba ya zaɓi. Tsohuwar da ciwon mantuwa ya cinye har ba ta gane 'ya'yanta ba za ta shiga yarjejeniya da kowa ba. In daraja a kan baiwa take, me zai hana ta ƙaru ta ragu tare da baiwar? Masanin falsafa Peter Singer bai guji wannan ba. Ya bi hujjar har ƙarshenta, ya ce zama ɗan Adam kawai ba ya ba da wani fifiko na musamman, kuma a wasu yanayi na naƙasa mai tsanani ana iya barin iyaye da likitoci su kawo ƙarshen ran jariri. Mafi yawan masu aƙidar ɗan'adamtaka ba su yarda da shi ba. Suna cewa ya isa mutum ya kasance daga jinsin masu hankali ko da shi bai samu ba, ko kuma su ce tarihi ya koya mana cewa duk ranar da aka fara tantance wa ya cika mutum, kabari ake haƙawa.

Amsa ta biyun tana da ƙarfi, amma a lura da abin da ta ce. Ta nuna hatsarin ƙin yarda da daidaito ne, ba ta nuna cewa daidaiton gaskiya ne ba. A ganina a wannan gaɓa mai addini ya fi tsayuwa da ƙafafunsa, domin darajar da yake magana a kai daga wajen mutum ta zo, daga wanda ya yi shi yake kuma ƙaunarsa, saboda haka babu cutar da za ta cinye ta.

Shi mai addinin ba shi da tasa matsalar?

Yana da ita, har fiye da ɗaya. Ta farko tsohuwa ce, tun daga Aflatun: abu yana da kyau ne don Allah ya so shi, ko Allah ya so shi ne don yana da kyau? In na farko ne, da ya ga dama da ya fifita wasu a kan wasu. In na biyu ne, to kyawun yana tsaye da kansa. Malaman tauhidin Kirista suna amsawa da cewa nagarta ita ce zatin Allah, ba wata doka ce a samansa ko son ransa ba. Wanda ya riga ya yi imani wannan ta gamsar da shi, wanda bai yi ba kuwa da wuya.

Ta biyu, da aka tambayi manyan malaman coci mece ce siffar Allah a jikin mutum, da yawansu cewa suka yi hankali. Ka ga an koma gidan jiya. Thomas Aquinas ma ya rubuta a ƙarni na 13 cewa mai zunubi yana faɗowa daga mutuncin ɗan Adam, ya kafa hujjar hukuncin kisa da haka. A 2018 cocinsa, wato Katolika, ta sauya koyarwarta ta ce hukuncin kisa bai halatta ba domin yana keta mutuncin da ko babban laifi ba ya gogewa. Ke nan fahimtar mutunci marar sharaɗi ita ma girma ta yi a hankali, ba a cike aka same ta ba.

Ta uku ta siyasa ce. A ƙasar da ta tara mabiya addinai daban-daban da marasa addini, hujjar da sai ka yi imani da littafina za ka karɓe ta ba za ta zama dokar kowa ba.

Marar addini zai iya zama mutumin kirki?

Ƙwarai kuwa, kuma Littafi Mai Tsarki bai musa ba: Romawa 2:14-15 ta yi maganar al'umman da ba su da Shari'a ta Musa amma an rubuta ta a zukatansu. A. Philip Randolph, wanda ya jagoranci shirya gangamin Washington na 1963 inda King ya yi shahararren jawabinsa, yana cikin waɗanda suka sa hannu a bayanin masu aƙidar ɗan'adamtaka na 1973. Gardamar a kan hujja take, ba a kan halin mutane ba.

Gaskiya ne barin addini ne ya haifar da aƙidar tace iri (hana waɗanda ake ganin suna da aibu haihuwa) da kisan naƙasassu?

Rabin gaskiya ne. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da ƙuri'a 8 da 1, ta halatta wa jihar Virginia ta yi wa wata matashiya, Carrie Buck, aikin hana haihuwa da ƙarfi bisa zargin raunin ƙwaƙwalwa. Alƙali ɗaya tilo da ya ƙi, Pierce Butler, ɗan Katolika ne. Sama da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan a Amurka. A Jamus, daga 1939 zuwa 1941, gwamnatin Nazi ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali kusan 70,000. Ranar 3 ga Agustan 1941 Bishop von Galen na Münster ya yi wa'azi ya ce in har an halatta kashe wanda ba ya samar da komai, to kaiconmu duka ranar da muka tsufa, kaicon sojojin da za su dawo daga fagen fama da naƙasa. Cikin watan aka ba da umarnin dakatar da shirin, ko da yake an ci gaba da kisan a ɓoye. Kuma Julian Huxley ɗin nan na taron Amsterdam ya shugabanci ƙungiyar tace iri ta Birtaniya daga 1959 zuwa 1962.

Ɗaya rabin shi ne limaman Furotesta da yawa a Amurka sun yi wa aƙidar wa'azi, har gasar huɗuba aka shirya musu a 1926, kuma mafi yawan Jamusawan da suka yi shiru 'yan coci ne. Masu aƙidar ɗan'adamtaka su ma sun ɗauki darasi. Bayanin 1973 ya buɗe ne da amincewa cewa na 1933 ya cika kyakkyawan zato, domin Nazi sun nuna iyakar muguntar da mutum zai iya.

Me ya sa Sanarwar Haƙƙoƙin Ɗan Adam ta 1948 ba ta ambaci Allah ba?

An nemi a ambata. Wakilin Brazil ya kawo gyara cewa a rubuta an halicci mutane cikin siffar Allah. P. C. Chang na ƙasar Sin ya ce al'ummarsa kaso ne babba na 'yan Adam kuma tana da nata tunanin daban, bai kamata a tilasta wa kowa tauhidin wani ba. Aka janye gyaran, aka kuma cire kalmar da ke jingina haƙƙoƙin ga ɗabi'ar halitta, don kada wani ɓangare ya ce ya yi nasara. Sashe na 1 ya tsaya a kan cewa ana haihuwar mutane duka 'yantattu, daidai a mutunci da haƙƙoƙi, bai faɗi dalili ba. Ranar 10 ga Disamba Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Paris, ƙasashe 48 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace: shida na ɓangaren gurguzu, da Afirka ta Kudu da Saudiyya. Masanin falsafar Katolika Jacques Maritain ya ba da labarin wani taron UNESCO inda aka yi mamakin yadda masu aƙidu kishiyoyin juna suka daidaita, sai aka ce ai mun yarda da haƙƙoƙin, da sharaɗin kada wani ya tambaye mu dalili.

In an daidaita a kan sakamako, mene ne amfanin jayayya a kan tushe?

A mafi yawan al'amura babu bambanci. Azabtarwa, bauta, fataucin mutane, duka ɓangarorin biyu layi ɗaya suke. A farkon rayuwa da ƙarshenta ne tushen yake leƙowa. Mai cewa rai amana ce daga Allah yana ganin mutunci ya hana mutum kashe kansa ko a taimaka masa. Mai cewa tushen mutunci ikon zaɓi ne yana ganin hana majinyaci zaɓar ranar mutuwarsa shi ne keta mutuncin. Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya kawo ƙarshen ran majinyacin da ya nema a 2002, Kanada ta bi a 2016. Ganin kowa na jan kalmar mutunci zuwa gefensa ya sa masaniyar ɗa'ar likitanci Ruth Macklin ta rubuta a 2003 cewa kalmar ba ta da amfani, a tsaya kawai ga girmama zaɓin mutum.

Jamus ta fi kowa nuna yadda abin yake a aikace. Kundin tsarin mulkinta na 1949 ya ambaci alhaki a gaban Allah da mutane a gabatarwarsa, sashensa na 1 kuma ya ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. A 2006 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar da ta ba soja damar harbo jirgin fasinja da 'yan ta'adda suka sace, ta ce gwamnati ba ta da ikon mai da fasinjoji marasa laifi abin lissafi ko da don ceton wasu da suka fi su yawa ne. A watan Fabrairun 2020 kotun nan, tana jingina da sashen nan, ta soke haramcin ƙungiyoyin da ke taimaka wa mutum ya kashe kansa, ta ce zaɓar mutuwa yana cikin haƙƙin mutum. Shugabannin cocin Katolika da na Furotesta na ƙasar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna sukar hukuncin, su ma da sunan mutuncin ɗan Adam.